Shekarar da Idona Ya Yi Ja

Shagon ɗinkina yana bakin hanyar iyaka a Jibiya, inda manyan motoci ke jira kafin su tsallaka Maraɗi. Shekarar da matata ta tafi gidansu a Riko haihuwar fari, na yi gudawa ta kwana huɗu, ta wuce, na manta da ita. Bayan kamar sati uku gwiwata ta dama ta kumbura, har na kasa taka keken ɗinki. Sai idanuna suka kaɗa jajir, in na kalli haske kamar ana soka mini allura.

Mutane suka ce apolo ne. Masu kawo ɗinki suka koma miƙo yadi daga bakin ƙofa, daga baya suka daina zuwa. A masallaci na lura na kusa da ni yana kau da kai, sai na koma yin salla a ɗaki, a zaune.

Ana cikin haka aka aiko mini matata ta haihu, mace. Surukata ta haɗo da saƙo, wai in yi haƙuri kada in zo sai idon ya warke, saboda jaririya. Ranar suna na yini a ɗaki, na toshe taga da zane. Ko hoton da aka turo a waya ban iya kallo ba.

Wani dattijo direba, mutumin Maraɗi, wanda nake ɗinka wa riguna, shi ya leƙo ni. Motarsa ta kwana biyu tana jiran takardu a iyaka. Ya zauna kan tabarmata, ya ƙura mini ido.

Na ce, "Baba, kada ka matso, ana ɗauka."

Ya ce, "Tela, apolo ba ya kumbura gwiwa. Tashi mu tai Katsina."

A asibiti likita ya haska idon, ya taɓa gwiwar, ya tambaye ni ko na yi ciwon ciki kwanan baya. Ya ce duk ciwo ɗaya ne: bayan jikina ya gama da cutar cikin, sai ya juya kan gaɓoɓi da ido. Ba a ɗauka, amma da na ƙara jinkiri da ganina ya taɓu. Ya rubuta mini maganin ɗigawa da ƙwayoyi.

Na aika da wannan bayani Riko, surukaina ba su gamsu ba. Sai da aka yi arba'in na je can na ga 'yata. Na karɓe ta, ta fashe da kuka, aka mayar wa uwarta. Na zauna a zaure ni kaɗai har la'asar, sannan na ɗingisa zuwa tasha.