Ranar da Baba Ya Tsufa

Baba yana da keke tun kafin a haife ni, irin baƙin nan mai nauyin jaki. Da shi yake zuwa gonar shinkafarsa ta hanyar Guri. Idan ruwa ya cika fadama sai ya kinkime shi ya saka a kwalekwale, mai jirgi yana mita.

Yayanmu na Kano, wanda ba ya zuwa gida sai da sabuwar dabara, ya zo da tayoyin gwanjo masu tsinken ƙarfe a tsakiya. Babu noti, babu sifana. Ka ɗaga ɗan hannu taya ta fita, ka danne ta kama.

"Baba, yanzu in ka cire tayoyin ko yaro ya ɗauka maka," in ji shi. Ya ɗaura, ya ci tuwo, ya koma.

Tayar gaba lafiya lau, don tsagar da tsinkenta yake shiga tana kallon ƙasa ne, nauyin keke na danne ta. Ta baya kuwa tsagarta doguwa ce a kwance, ta noti ce tun asali. Duk takun feda sarƙa na jan tayar bayan zuwa gaba kaɗan-kaɗan, har ta karkace tana gugar ƙarfe. Babu wanda ya lura.

Baba ya fara dawowa jiƙe sharkaf da gumi. Ya sha jiƙo, ya shafa man zafi. Wata Juma'a ya jingine keken a zaure, ya gaya wa abokansa a ƙofar masallaci cewa gwiwa ta ƙare, gonar ma zai bar wa ƙaninsa. Wallahi raina ya ɓaci, mutumin da bai taɓa kwana biyu bai leƙa shinkafarsa ba!

Ni na ɗauki keken zan je kasuwar Hadeja. Kafin in kai bakin titi ina haki kamar na yi dambe. Na sauka na duba, ga fenti ya goge tas inda taya ke ci. Na tura shi gida na mayar da tsohuwar tayar da notinta, na ɗaure tam, na hau na zaga unguwa, na dawo a guje.

"Baba, ba gwiwarka ba ce, taya ce! Hau ka ji."

Ya dubi keken, ya daɗe. Ya murza feda da hannu, tayar ta yi ta juyawa ba ƙara.

"Madalla," ya ce. "Sai dai na riga na gaya wa mutane na tsufa. Tura shi ciki, kada rana ta ci sirdin."