Lambar Ƙanena

A gidanmu na Gayam wuri ɗaya ne waya ke kamawa, gindin tsamiyar bayan rumbu. Nan ya zama wurin zaman Inna tun ranar da ƙanena ya ɗaura buhunan masara a babur zai kai cikin Birnin Gwari, bai isa ba. An tsinci buhunan a bakin daji, babu shi babu babur. Mutanen daji in sun ɗauki mutum sukan kira danginsa. Mu ba su kira ba. Saboda haka ba mu yi zaman makoki ba, Inna ta rantse ba za ta karɓi gaisuwar wanda ba ta ga gawarsa ba.

Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta nufi tsamiyar. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace inda za ta danna. Matar nan ta cikin waya ta gaya mata lambar a kashe take, ita kuma ta gyaɗa kai ta koma ta hura wuta. A wurinta wayar da ke kashe wata rana za a kunna ta.

Ni ne babba, ni ne kuma aka kai boko, don haka ni na sai da rai na bi hanyar Kaduna zuwa ofishin kamfanin layin. Abu ɗaya na roƙa, su gaya mini inda wayarsa ta kama na ƙarshe, ko ma san gefen dajin da za mu fuskanta da addu'a. Yarinyar da ke kan teburin ta yi mini murmushin nan da ake koya musu.

"Malam, ka yi haƙuri, doka ta hana. Bayanan mai layi sirrinsa ne. Sai dai ya zo da kansa, ko a kawo takardar hukuma."

"Baiwar Allah, in zai iya zuwa da kansa me zai kawo ni? Shi ɗin fa nake nema!"

Ta sake ba ni haƙuri, ta kira na bayana. Takardar kuwa na bi ta har takalmina ya tsinke, ban same ta ba. Na dawo da baƙin ciki, amma a hanya na lallashi kaina. Mu nan mun san abin da lambar mutum ke jawo masa in ta faɗa hannun mugu. Na ce to, tunda suna tsare masa sirri haka, ko ba komai akwai abinsa ɗaya da ba a taɓa ba.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na ƙwacewa ya sayar. Mu mun ɗauka lamba kamar gona take, ko mai ita ba ya nan tana nan tana jiransa.

Wata safiya bayan an yi girbi, sai muka ji salatin Inna daga bayan rumbu. Wayar tana shiga. Matar ƙanena ta fito da gudu ba ko ɗankwali, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Aka ɗauka. Muryar namiji ce, amma da Turanci. Na karɓi wayar.

Wani mutum ne can Kudu. Ya ce sabon layi ya saya jiya-jiyan nan a ƙarƙashin lema a bakin titi, kuma har ya gaji da mu. Saƙon banki na shigo masa da sunan wani, ana kiransa ana tambayar masara, wata mata na turo masa saƙon murya tana kuka. Ya karanto mini cikakken sunan ƙanena, har da na mahaifinmu. Matar ƙanena tana tsaye tana ji, na ga ta rufe fuska da tafin hannu. Ashe duk abin da take faɗa wa mijinta a ɓoye, wani ƙato ne ke saurara.

Har yau abin yana ci mini rai. Ni da muka sha nono ɗaya aka hana ni ko sunan ƙauye, wai sirri. Wanda bai taɓa jin sunan Gayam ba aka miƙa masa komai.

Na yi wa Inna bayani yadda zan iya. Ta ƙura wa wayar ido. Na zaci kuka za ta yi.

"Babba," ta ce, don haka take kirana, "sake kiransa. Ka ce ni tsohuwa ce, ina roƙon arziki. Ya riƙe lambar, ba na jayayya. In gari ya waye ya riƙa kashe ta kawai, har in kira in gama."

Na kira. Bai ɗauka ba. Washegari da asuba ta je gindin tsamiya kamar kullum, ta tarar ya toshe lambarta. Ranar ta sa aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida.