Ɗaɗɗoyar Fofo Hunsa

A duk masu lambun Seme, daga titin Kwatano har gindin kwakwar bakin teku, babu wanda ɗaɗɗoya ta karɓi hannunsa kamar Hunsa. Fofo muke ce masa, wato yaya, don ya girme mu duka. Shekara ashirin da bakwai yana ban ruwa a rairayin nan, bai taɓa zuba maganin kanti ba. Kashin kaji, toka da jiƙon ganyen darbejiya, shi ke nan. Shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu noma ba maganin feshi, shi ya samo mana rumfa a Kwatano inda ganyenmu yake da daraja. Ni Dansu, lambuna yana manne da nasa, a hannunsa na koyi sana'ar.

Wata damina cuta ta faɗa wa ɗaɗɗoya. Shuka sai ta yi yaushi ta gefe ɗaya, kwana uku ta kwanta. In ka tsaga karan, ka tarar cikinsa ya yi baƙi.

Malamar gona, Madam Sedami, ta tara mu ta buɗe leda. Tsakin shinkafa ne ya yi funfuna kore shar. Ta ce cutar ma funfuna ce ta cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe wa shuka hanyar ruwa. Wannan koren kuwa abokin gabarta ne, yana rigan ta kama saiwa ya tare mata ƙofa.

"Amma ba ya ta da matacce," in ji ta. "Ku tuge masu ciwo ku ƙone. Ku gauraya shi da taki tun a wurin rainon iri."

Ranar Fofo ya tafi jana'iza. Ni aka ba rabonsa, da saƙon.

Da na kai masa, ya leƙa ledar ya yamutsa fuska.

"Dansu, abin da matata take watsa wa kaji ne magani?"

"Haka Madam ta ce, Fofo."

"To ka ce mata akwai akasa, tuwon masarar nan, ta makon jiya a gidana, har gashi ta fitar. Ta zo ta kwasa, ni ma in zama dokta."

Muka yi ta dariya. Sauran bayanin yana bakina, na haɗiye shi. Na ga kamar rashin kunya ne in tsaya ina koya wa wanda ya koya mini.

Ashe bai yar da ledar ba. Ya barbaɗa tsakin a kan komayen shukar da suka riga suka kamu, ya jira mako biyu, suka ci gaba da mutuwa. Da cutar ta ci komi na tara, ya je kasuwar bakin iyaka ya sayo wata farar hodar maganin kanti ya fesa. Ita ma ba ta tsinana komai ba.

Babu wanda ya gan shi. Shi da kansa ya tashi a taron ƙungiya, ya cire hula ya faɗa. Dokar ita ce in ka yi feshi, shekara uku ba ka kai ganye rumfa. Wasu suka ce a yafe wa dattijo.

"Ni na kafa dokar," in ji shi. "A kaina kuke so ta karye?"

Ni kuwa na bi yadda aka ce. Na yi asara, amma yawancin sabon dashena ya tsaya. Wata safiya ya tsallako iyakar lambunanmu, ya tsuguna ya murza ganye ya shinshina.

"Kai yaya ka zuba naka?"

Na faɗa masa duka.

"Haka ta ce tun farko?"

"Haka ta ce, Fofo."

Ya miƙe ya kaɗe hannunsa. "Ka riƙa rage ruwan yamma," in ji shi, ya koma nasa.

Bai jira shekara ukun ba. Da rani ya bar wa wani mai noman albasa lambun, ya koma Wida gadin gonar kwakwar surukinsa. Sau biyu na shirya in je in ba shi haƙuri, sau biyu aiki ya zame mini hujja. Bara ya rasu. Na dai samu jana'izar.