Tafiyarmu Yamai Ganin Gidan Hawa na Tara

Daga sallar asuba muka wuce tashar Matameye, ni da yayana Alhaji Sani, mai fataucin rake. Ɗansa Laminu da ke aiki a Yamai ne ya dame shi da waya: wai an gina wani dogon bene a tsakiyar birni, ana sayar da shi gida-gida, in Alhaji ya sayi ɗaya ya zuba 'yan haya, ya huta da bin kasuwanni. Sai dai kuɗin ba za su haɗu ba sai an sayar da garka, wato lambun da mahaifinmu ya bar mana a hanyar Kurni, wadda da ita nake ci da iyalina. Alhaji ya ce ba zai sayar ba sai na yarda, ni kuwa ban iya ce masa a'a tun muna yara. Haka na bi shi muka shiga mota.

Takeita zuwa Maraɗi

Ƙaramar mota ta sauke mu a mararrabar Takeita, muka sha shayi da burodi na dala arba'in-arba'in kafin bas ɗin Damagaram ta iso. A shingen jandarma na kusa da Tasawa aka karɓi katunanmu. Jandarman ya dubi Alhaji ya ce, "Yamai kuma, Alhaji? Asibiti?"

"Lafiyata lau. Gida zan saya a sama."

"Allah ya sa kana da ƙafar hawa," in ji shi, ya miƙo katin.

Maraɗi zuwa Yamai

A Maraɗi muka ci shinkafa da wake a tsaye, direba na ta danna oda. Daga nan sai hanya: Galmi da tulin albasarta a bakin titi, Ƙonni, Dogonduci, Doso. Alhaji ya sha barci abinsa, ni ko gyangyaɗi ban yi ba. Bayan isha muka shiga Yamai, Laminu ya ɗauke mu zuwa gidan da yake haya.

A gindin bene

Da hantsi muka je. Ginin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba: hawa goma sha biyu, fari fat, gilashi na ɗaukar ido. Wata Madam Rakiya, 'yar Maraɗi, ita ke nuna wa masu saye. Ta shigar da mu wani ɗan akwati da suke kira asansar, ya yi sama da mu. Alhaji ya damƙe hannuna bai saki ba sai da ƙofa ta buɗe a hawa na tara.

Ɗaki uku da falo, ko'ina tayil. Ta taga muka hango kogin Kwara da gada, motoci kamar ƙwari. Alhaji ya daɗe a tsaye yana murmushi, na ce a raina shi ke nan, garka ta tafi.

Sai ya juyo ya ce, "Madam, in na saya, ina filina?"

"Ɗakunan naka ne, Alhaji, da takarda. Filin kuwa na duk masu gidajen ne."

"Rufina fa?"

"Daɓen maƙwabcinka na sama ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma ba ta ɓoye komai ba. Ta ce kowane wata akwai kuɗin gadi da shara da man injin wuta, ko da ɗan haya ko babu. Ta ce masu kama irin gidan manyan ma'aikata ne da baƙi. Shekarar da suke da yawa haya na da tsoka, in suka ragu gida na iya yin watanni a rufe.

Laminu ya ce, "Baba, amma darajarsa hawa za ta yi. Tsakiyar birni ne."

"Ta yiwu. Kafin ta hau, babanka Idi me zai ci?" Ya nuna ni da haɓa. Ashe duk barcin da ya yi a mota ya san abin da ke cina.

Da ƙafa muka sauko, don Alhaji ya ce sau ɗaya ya ishe shi. A ƙasa ya tsaya cak. Gindin benen duk shaguna ne masu fuskantar titi, wasu ba a saya ba tukuna. Ya nemi benci wajen wani mai shayi, ya zauna yana kallon masu wucewa har azahar. Da muka idar da salla ya sa aka kira Madam Rakiya.

"Wancan ƙaramin shagon na kan kwana, nawa?"

Bai kai rabin kuɗin gidan sama ba. Suka yi ta ja, Hausar Maraɗi da ta Damagaram, har ta rage masa wani abu. Ya ce zai sayar da tsohuwar motarsa ta ɗaukar rake da shanunsa da ke ƙauyen Yauri, ya biya kashi biyu, ba sai an taɓa garka ba. Matar Laminu, wadda ke ɗinki a tsakar gida, ita za ta fara kama shagon, ta kuma biya haya kamar kowa.

Laminu ya ɗan ɓata rai. Daga baya ya faɗa mini ya so a ce mahaifinsa na da gida a sama. Na ce ya yi haƙuri, aƙalla yana da ƙofa a ginin.

Komawa gida

A dawowa ni na yi barci, tun daga Doso har Maraɗi, sai da Alhaji ya tashe ni cin abinci. Mun iso Matameye lafiya, mun gode wa Allah, mun gode wa Laminu da matarsa da suka ɗauki nauyinmu, da Madam Rakiya da ta faɗi gaskiya ko da za ta rage mata ciniki.

Yanzu kullum da la'asar Alhaji na majalisar ƙofar gidansa yana ba da labarin benensa na Yamai. Makon jiya na ji ya kai hawa ashirin, jiya ashirin da biyar. Wani ya juyo ya ce, "Idi, haka ne?" Na ce ni dai tsoro bai bar ni na ƙirga ba.