Keken da Baba Ya Ƙi Kwance wa Leda

A gidanmu na Kusfa, damina ce lokacin tatsuniya. Da an idar da sallar magariba, Iya, kakata ta wajen uba, takan janyo kujerarta bakin murhu a ƙarƙashin rumfar kwano, ta baje garwashin da tuwo ya bari, ta jera masara a kai. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana korar mana sauro, yana kuma sa mu hawaye. Sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gida ake kirana Ummi, ita kuwa Takwara take ce mini. Ni ce mai juya masara, ni ce kuma mai shan ranƙwashi idan ta ƙone.

Iya mace ce mai baki. Ba wanda ta ƙyale a unguwa, daga mai tallan manja har ladan. Mutum ɗaya ne bakinta yake mutuwa a gabansa, shi ne Babana, don shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice fuskarta na kallon bango. In magana ta kama dole, sai ta ce "mutumin nan". Mutane suna yabon wannan kunya tata, ana cewa irin ta mutanen da ce. A lokacin ni ma abin yana burge ni.

Baba masinja ne a wani ofishin gwamnati a Sabon Gari. A shekarun nan ana ta rage ma'aikata, ga shi an riga an ba shi takardar gargaɗi har sau biyu saboda makara, don jiran bas daga cikin birni ba shi da tabbas. Ogansa ya gaya masa baro-baro cewa masinjan da ba shi da keke ba shi da amfani, kuma in aka sake neman sa aka rasa, sunansa zai shiga cikin waɗanda za a sallama. Mu tara muke ci daga wannan albashi.

Akwai keke a gidan. Na marigayi kakana ne, wanda ya yi shekara da shekaru yana gyaran kekuna a Ƙofar Gayan. Baƙi ne, mai sanda, fentinsa ya koɗe, yana rataye a soron ciki tun rasuwarsa. Abin da yake so bai wuce taya da tib da sabuwar sarƙa da ɗan giris ba. Baba ya sauko da shi, ya goge, har ya fara kwance ƙafar baya. Sai mutanen majalisa suka gani.

Wannan majalisa, har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Magidanta ne da gemunsu, su shida ko bakwai, suna zama gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu bayan la'asar, kowa da kekensa a jingine da tsumma a hannu. Ba su da zance sai na wa ya fi ƙararrawa mai zaƙi, wa ya sa madubi biyu, wa ya ɗaura furen roba a kan fitila. Babban abin taƙamarsu shi ne leda. Sukan naɗe jikin keke kaf da zirin leda ja da kore, tun daga wuya har gindin sirdi, kuma a wurinsu keken da aka ga ƙarfensa tsirara, mai shi ya faɗo. Da suka ga Baba da baƙin keken nan, sai ɗaya ya ce, "Malam, da wannan za ka shiga ofis? Ai sai su ɗauka mai faci ne ya zo karɓar aiki." Aka yi ta dariya, Baba ma ya taya su, amma daga ranar bai ƙara taɓa ƙafar bayan nan ba.

Cikin 'yan majalisar akwai wani dillali, Tanko. Bayan kwana uku ya kawo wani keke, ya tafi da na kakana da rediyon Baba a madadinsa. Kai, keken ya yi kyau. An naɗe shi tsaf, ga tuntu a hannaye, ga madubi biyu, ga kariyar ɗora kaya mai sheƙi a baya. Baba ya ce ranar Juma'a zai ɗora ni a kariyar nan mu je har Ƙofar Galadima mu dawo. Ban yi barcin kirki ba don murna.

Washegari da safe Baba yana wanka, keken yana jingine a tsakar gida. Iya ta zo wucewa da muciya a hannu. Na ga ta tsaya, ta waiga, sannan ta ɗan ƙwanƙwasa sandar keken da muciyar, ta ƙwanƙwasa wuyansa. Matar da ta yi shekara talatin tana jin mijinta yana buga ƙarfen keke ta san yadda lafiyayye yake amsawa. Wannan bai amsa ba, sai wani sauti ya yi kamar an bugi jiƙaƙƙen itace. Ta ja tsaki ta wuce. Da ta shige ɗaki na je na danna wurin da yatsa. Ledar ta lotsa, wani jan ruwa mai wari ya tsattsafo ya ɓata mini farce. Na goge a zanena, na yi shiru, don na san in an kwance ledar nan, Juma'ata ta tafi.

A ranar da magariba Baba bai fita ba. Ya shigo da keken bakin rumfa saboda yayyafi, ya tsuguna yana goge wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tsakaninsa da Iya bai fi taku huɗu ba. Ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan ta taso, ku buɗe kunne."

Muka ce, "Ta iso, muna nan."

Wai an yi wani manomi da gonarsa take hayin kogi. Kullum sai ya haye da gora, irin babbar nan da ake rungumewa a yi iyo da ita. Gorar ta ubansa ce, baƙa ƙirin, duk jikinta ɗinki, amma ko ɗigon ruwa ba ta sha. Wata rana 'yan zaman bakin kogi suka yi masa dariya, suka ce gorarsa ta yi kama da kan tsohuwa. Sai ya ji kunya, ya kai wa kura ita, kura ta ba shi wata da aka lulluɓe da jar fata, aka yi mata ado da wuri. A nan Iya takan canza murya ta yi ta kura, muna ta ƙyalƙyala dariya. Manomi ya rataya sabuwar gorarsa a bishiya, sai wata 'yar tsuntsuwa ta sauka a reshe tana waƙa:

"Mai gora, ƙwanƙwasa ka ji,
fata ba ta iyo, ƙwanƙwasa ka ji."

Sau uku Iya ta rera wannan waƙa, muna amsawa, kowane karo tana ƙara ƙarfi. Manomi ya ce wa tsuntsuwa in ya ɓare fatar, da me zai burge mutanen bakin kogi? Da gari ya waye ya ɗaura irin shukarsa a ka, ya rungumi gora ya faɗa ruwa. Yana kaiwa tsakiya fata ta jiƙe ta saɓule. Ashe gara ta cinye cikin gorar tas, tsutsotsi fari fat suka yi ta fitowa suna bin hannunsa, suna shiga hancinsa da bakinsa. Iya ba ta rage mana komai ba a nan, har ƙanena ya ajiye masararsa. Manomi dai ya fita da rai, amma iri ya bi ruwa, daminar bana ta wuce shi.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Mai kunne ya ji."

Ba wanda ya yi dariya. Na saci kallon Baba. Tsumman ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da goga. Ya ce, "Ummi, kakarki dai ta iya tatsuniya." Iya ta dube ni, ni kaɗai, ta ce, "Takwara, masararki tana ƙonewa." Aka kira isha'i, kowa ya tashi.

Kwana biyu keken ya yi yana kai shi aiki. A na uku, ranar Alhamis, an kwana ana ruwa. Ya fita ta Ƙofar Doka, ya wuce Tudun Wada, ga fayil-fayil ɗaure a kariya da zai mayar ofis. A gangaren gadar Kubanni ya faɗa wani rami, keken ya rabu biyu daga wuya. Ƙafar gaba ta yi nata wuri, Baba ya kifa da kafaɗa, takardun gwamnati suka watse cikin taɓo. Wasu masu kirki suka kawo shi gida a bayan akori-kura, da shi da gutsattsarin kekensa. Ƙashin kafaɗa ya karye. Mai ɗori ya ce sai ya yi sati shida a kwance. Kafin sati na uku takardar sallama ta iso.

Ni na kwance ledar, ba wanda ya sa ni. Na sami reza na zauna a bayan ɗaki na yi ta yanka. Abin da na gani bai bar ni na ci tuwo ba a ranar. Ƙarfen ya ruɓe, yana marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Wajen wuyan an taɓa yin walda ta karye, aka cusa tsumma da guntun sandar tsintsiya a cikin bututun, aka shafe da kwalta. Ruwan da ledar ta riƙe ya yi baƙi, yana wari kamar kwata, ga ƙwan kyankyaso jere a ƙarƙashin naɗin. Wannan ƙazanta Baba yake gogewa kullum da tsumma mai tsabta, har yana hana mu taɓawa.

'Yan majalisa sun shigo dubiya, Tanko a gaba. Suka ce tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Ba wanda ya ce a kawo keken a gani. Bayan wata ɗaya sai ga Tanko a kan baƙin keken kakana, ya sa masa taya da sarƙa, bai ko naɗe shi ba. Ya fi shekara goma yana wucewa da shi ta ƙofar gidanmu, yana kaɗa mana ƙararrawa. Iya kuwa, duk kwanakin jinyar nan ita take dama wa Baba kunu da hannunta, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa mutumin nan." Sau ɗaya na same ta tana kuka a bakin murhu, ta ce hayaƙi ne. Baba bai sake samun aikin albashi ba. Ya koma taya wani ɗan'uwansa jiran shago a kasuwar birni, yayyena biyu kuma suka bar makaranta.

Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar nan a matsayin abu mai sauƙi: kada ado ya ruɗe ka, duba kafin ka karɓa. Haka nake gaya wa ɗalibaina da na zama malama. Haushina duk a kan Tanko yake, sai kuma Iya, da na ƙara hankali. Taku huɗu ne tsakaninta da ɗanta. Kalma biyar ta isa: kwance ledar nan ka duba. Amma ta gwammace ta bi ta kogi da kura da tsuntsuwa, don kada a ce ta yi wa ɗan fari magana. Na ji ƙyamar wannan kunya, kuma har yau ban daina ji ba.

Bayan rasuwar Iya da shekaru, Baba ya tsufa, ina shafa masa man zafi a kafaɗar nan da take tashi duk damina, sai na gaya masa haka. Na ce da Iya ta fito fili ta faɗa, da ba haka ba. Sai ya ce, "Ummi, ai ta faɗa. Tun tana waƙar tsuntsuwar nan na gane. Ni ɗan mai gyaran keke ne fa, tun ranar da na hau na ji wuyan yana rawa."

Na ce, "To me ya hana ka kwancewa, Baba?"

Ya ce, "In na kwance na ga abin da ke ciki, sai na mayar wa Tanko a gaban jama'a. Su ce an cuce ni kamar yaro. Na ce bari in lallaɓa zuwa ƙarshen wata."

Hannuna ya tsaya a kafaɗarsa. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna jan ruwan da na goge a zanena saboda yawon Juma'a, na ci gaba da shafa masa man. Ban gaya masa ba a ranar, ban kuma gaya masa ba har ya koma ga Allah. Ashe ba rashin sani ne ya kayar da shi a gangaren nan ba. Iya ta sani, Baba ya sani, ni ma na sani, kowa da abin da yake karewa. Ranar Alhamis ɗin nan da safe ni na riƙe masa labulen zaure ya fitar da keken, har na ce masa a dawo lafiya.