Ranar da Kaka ta ɓace mana a Mambila

Muna tsakiyar hawan tsauni a Mambila, inda Baba ya kai mu hutun damina, sai gajimare ya sauko ya rufe mu. Da muka lallaɓa muka koma wajen mota, Mama ta kurma ihu. Kaka ba ta ciki!

A kujerar baya muka bar ta saboda ciwon gwiwa. Matar da a gidanmu na unguwar Gyaɗi-Gyaɗi sai an riƙe ta take kaiwa bakin ƙofa. Ga kwazazzabo ta ko'ina. Baba yana ta kiran "Inna! Inna!" ni kuwa sai kuka.

Can muka jiyo dariya. Muka bi sautin har wata ruga, sai ga Kaka a tsugune da ƙwarya tana tatsar saniya. Matan rugar sun kewaye ta, tana ta zuba musu Fillanci.

Baba ya ce, "Haba Inna! Kin kusa kashe mu. Ina gwiwar?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai, rage murya, za ka firgita mini saniya. Kukan maraƙi na ji, ƙafata ta taho da kanta. Kafin a kai ni birni, aikina ke nan kowace safiya."

Na tsaya ina kallon ta. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma ban taɓa sanin tana jin Fillanci ba.

Ku fa, kun taɓa tambayar kakarku wace ce ita kafin ta zama kaka?