Tagwayen Lambun Kaka

A shekarar da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Bama, can wajen ƙasar Hindu, jirgin ƙasa yana ta sauke su a Nguru da akwatunan ƙarfe da manyan takalma, ni ina yaro, ban fara kai azumi magariba ba. Muna zaune a Gashuwa, inda mahaifina yake sayen ƙiraga yana kai su bakin jirgi. Cikin waɗanda suka sauka har da ƙanensa, Baffa Sale, autan Kaka. Ya dawo da ƙafafunsa biyu, alhamdu lillahi. Amma ya dawo da wani ƙullin iri a aljihu, kuma wannan ƙulli bai bar gidanmu yadda ya same shi ba.

Kaka ce mai tatsuniyar gidan. In sanyi ya shigo, da an idar da lisha sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, mu kewaye ta. Ni take ce wa angonta, kullum tana mitar ta gaji da mijin da ko akuya bai ajiye ba. Ƙanwata Hauwa ba a barinta gaban wuta. Wurinta yana bayan Kaka, bakin zaninta ɗaure da na tsohuwar, domin Hauwa tana da farfaɗiya, ciwon da ba ya sallama. Tana cikin dariya sai ta sandare ta faɗi tana karkarwa. 'Ya'yan maƙwabta sun daina zuwa hira, iyayensu sun ce yawunta yana yaɗa cutar. An yi rubutu ta sha, an yi turare, an nemo magani har daga Machina. Allah bai kawo sauƙin ta nan ba.

Akwai abin da sai na faɗa, domin yaran yanzu ba su san shi da ƙarfinsa ba. Mahaifina ɗan farin Kaka ne. Saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana baki da baki. Kowace safiya zai durƙusa ya gaishe ta, ita kuwa ta amsa wa mazarinta. Yana tsaye a tsakar gida za ta ce da mu, “Ku gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa.” Mu dai abin dariya muka ɗauke shi.

Kaka tana da ɗan lambu a fadama ta wajen Katuzu, albasa da barkono da 'yan tsirran magani. A gefensa Baffa Sale ya watsa irinsa. Ganyen nan ne da yau kowa ya sani da tabar wiwi, amma mu a lokacin ganyen Sale muke ce masa. Da ya girma sai Baffa ya riƙa gunaguni. Ya ce iri ɗaya ya shuka, amma wasu gindin ragwaye ne, ko ka sha hayaƙinsu wuni guda kanka yana nan inda yake. Ya tashi zai tuge ragwayen, Kaka ta hana shi, domin ta ji ya ce a can ƙasar Hindu ya ga tsofaffi suna dafa ganyen da man shanu saboda ciwon gaɓɓai. Ta ɗaura wa kowane rago tsumma a wuya don kada ya ɓace mata. Ta dafa, ta shafa a gwiwa, ta lasa. Ta yi barci, ta tashi ta yi asuba da hankalinta, lissafin raka'a bai kuɓuce mata ba. Sai da ta daɗe tana gwadawa a kanta, sannan wata rana ta dangwala a yatsa ta sa wa Hauwa a harshe.

Ba zan ce ciwon ya tafi ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Amma ya yi nisa. Yarinyar da kasuwa ba ta zagayowa ba ta faɗi ba, sai ga wata ya kama ya ƙare tana tsaye. Innarmu ta san sirrin, ta yi shiru, tana tsoron ranar da Baba zai ji abin da ake lasa wa 'yarsa.

Shi kuwa Baffa Sale, ɗayan ganyen yana ta cinsa. Ya daina noma, idonsa kullum ja. Ranar wata Juma'a ya tsaya a bayan sahu yana ƙyalƙyala dariya liman yana huɗuba, sai da aka fitar da shi a riƙe. Baba ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Ya ce da Inna, da murya yadda kowa zai ji, gobe da sassafe zai je fadama, ko ƙwaya ɗaya ta wannan la'anannen ganye ba za ta kwana a ƙasar mahaifinsa ba.

Daren nan Kaka ta matso da wutarta kusa da zanar da ta raba mu da inda Baba yake karatu da fitilarsa. Ta ce, “Ga ta nan tafe,” muka ce ta iso lafiya. Sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wata mata ce ta haifi tagwaye, fuska ɗaya, riga ɗaya, tafiya ɗaya. Sunan ɗaya Guguwa, ɗaya Raɓa. Guguwa in ya shiga gida sai mai gidan ya manta sunan 'ya'yansa, ya yi dariya a wurin makoki, ya sayar da garmarsa da damina. Raɓa kuwa ba ya magana. Inda duk ya ji mai ciwo yana karkarwa sai ya zauna a gefensa, ya ɗora masa hannu har jikin ya lafa. Mutanen gari suka gaji da ɓarnar Guguwa, suka kai kuka wurin Bulama, mai garinsu. Bulama ya sa aka kawo yaran, ya duba wannan, ya duba wancan, ya kasa rabewa. A gefen dandali kuwa akwai wata tsohuwa da ta san su tun suna goye, har ta ɗaura wa Raɓa zare a wuya.

“To ita tsohuwar nan,” in ji Kaka, tana fuskantar zana, “bakinta a ɗaure yake. Ba ta iya zuwa gaban Bulama. Amma da zai aiko ko da yaro ne ya tambaye ta, da ta nuna masa zaren.”

Ta zuba wa zanar ido tana jira. Muka ji Baba ya yi gyaran murya. Na rantse zuciyata ta ce tasowa zai yi. Sai ya ce da Inna a kai yara su kwanta, surutun tatsuniya yana hana shi karatu.

Kullum in Kaka ta gama takan ce, “Na sauke ta nan, mai ɗauka ya ɗauka.” Ranar ba ta ce ba. Hauwa ta ja zaninta ta tambaye ta, sai Bulama ya yi yaya?

“Ƙarshen ba ya hannuna, 'yar nan,” in ji Kaka. “Ubanki za ki bi bashin ƙarshen.”

Da gari ya waye Baba ya cika maganarsa. Ya tuge na tsumma da marar tsumma, ya haɗa da goran irin da Kaka ta rataye a bukkar lambu, ya cinna wuta.  Daga ranar Kaka ba ta ƙara yin tatsuniya ba, wutar dai take hurawa mu ji ɗumi.

Man da ya rage a kasko ya ƙare kafin sanyi ya sake zagayowa. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wata magariba Kaka ta kwance ƙullin zanin da ya haɗa ta da Hauwa za ta yi alwala, kafin ta juyo Hauwa ta faɗa murhu da hannun dama. Har ta koma ga Allah da tsufanta, yatsu uku na hannun nan ba su ƙara miƙewa ba.

A ranar Inna ta gaya wa Baba komai. Bai yi faɗa ba. Ya tafi Nguru, mutumin da ko taba ba ya zama kusa da mai shanta, ya riƙa bin bayan tasha yana tambayar 'yan dako da tsofaffin sojoji iri. Ya kawo, Kaka ta shuka a ɓoye, ta dafa, ta lasa, ta tofar. Ya sake kawowa daga wani hannun, haka. Duk wanda yake ajiye irin nan don maye yake ajiye shi, wa zai adana rago? Ƙarshe Baba ya ƙone waɗannan ma, wannan karon da yardarta. Sai daga baya aka samu wasu fararen ƙwayoyi a asibiti da suka rage wa Hauwa faɗuwa, ko da yake suna sa ta nauyin jiki.

Na tsufa da wannan abu a raina. Kwanan baya jikar Hauwa, wadda ta karanci haɗa magunguna, ta zo gaishe ni, na ba ta labarin.  Sai ta ce a cikin ganyen nan akwai sinadarai masu yawa, amma biyu ne manya. Ɗaya ana ce masa THC, shi ne mai juya kai. Ɗayan sunansa kanabidiyol, a taƙaice CBD, shi ba ya sa maye. Wani gindin wannan ya fi yawa a cikinsa, wani wancan, alhali ido ba ya rabe su. Ta ce a wasu ƙasashe likitoci suna tace na biyun, su auna shi, su ba yaran da ke da wasu nau'o'in farfaɗiya masu taurin kai. Ta kuma ja mini kunne: ba kowace farfaɗiya yake yi wa ba, yana iya taɓa hanta, yana karo da wasu magunguna, dokar ƙasarmu ta hana shuka ganyen, kuma babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kaskon Kaka tunda ya zama toka. Na ce na ji, ni ma ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da ke gusar da hankali haramun ne, na ga abin da ya mayar da Baffa Sale, kuma Baba bai yi kuskure a kan Guguwa ba. Abin da yake cina shi ne, tsakanin mai tambayar da mai amsar zana ɗaya ce tak. Ita kunya ta hana ta faɗa, shi kuma girma ya hana shi sauraron tatsuniya. Wadda ba ta da laifi ita ta biya da hannunta.

Amma ba a rabu a haka ba. Bayan damina da dama, idon Kaka ya fara dushewa, wani dare na sanyi muna zaune a bakin wutarta shiru, sai ga Baba ya fito ya zauna a ƙasa cikinmu, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi Hauwa ya ce ya ji an ce tana binsa bashi.

Bai iya tatsuniya ba. Ba waƙa, ba kwaikwayon murya, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ya ce Bulama bai aika ba, ya kori yaran duka biyu. Sai karkarwa ta kama 'yarsa ta cikinsa. Ya bi kasuwanni yana neman Raɓa, duk wanda ya riƙo ya kawo gida sai ya tarar Guguwa ne. Da ya gaji sai ya dawo wurin tsohuwar, ya durƙusa, ya ce da ma ya tambaye ta.

“Abin da tsohuwar ta ce masa kuwa,” in ji Baba, “ban sani ba.”

Wutar ta ci kara ɗaya har ƙarshe. Na zaci Kaka za ta ce mu gaya wa wancan wani abu. Sai ta juya fuskarta inda muryarsa take.

“Tsohuwar ta ce, da ma ita ma ta buɗe baki. Kunyar da ta ci hannun yarinya ba kunya ba ce.” Ta lalubo kansa ta dafa. “Tashi, ka sauke tatsuniyar. Hauwa ba ta binka bashi, ni ma ba na binka.”